Kogin Neuse: dokar jiha da yaƙi da ƙazantar ruwa a Karolina ta Arewa

Neuse, wanda ake furtawa «Nus», kogi ne a jihar Karolina ta Arewa da ke kudu maso gabashin Amurka. A shekarar 1997 jihar ta kafa masa jerin ƙa'idoji da suka tilasta wa birane, masana'antu, manoma da masu gine-gine rage sinadarin naitirojin da ke shiga ruwansa da kashi 30 cikin 100. Tsarin na cikin na farko a Amurka da ya haɗa dukan masu gurɓata kogi guda a ƙarƙashin doka ɗaya, shi ya sa masana harkar ruwa ke yawan kafa misali da shi. Bayan fiye da shekaru 25, sakamakon ya rabu gida biyu. Matatun ruwan ƙazanta na birane sun rage abin da suke zubarwa fiye da yadda aka nema, amma jimillar naitirojin da ke isa ƙarshen kogin ba ta sauka zuwa matakin da doka ta yanka ba.

Kogin da kwarinsa

Neuse na somawa ne a arewa maso gabashin birnin Durham, inda ƙananan koguna biyu, Eno da Flat, suke haɗuwa. Daga nan yana tafiyar kilomita kusan 440, ya bi ta gefen Raleigh, babban birnin jihar, ya ratsa garuruwan Smithfield, Goldsboro da Kinston, ya isa New Bern. A New Bern ne yake buɗewa ya zama faffaɗar mashiga inda ruwan daɗi ke cakuɗuwa da ruwan gishiri, kafin ya faɗa gaɓar ruwan Pamlico da ke jikin tekun Atlantika.

Kwarin kogin, wato duk faɗin ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa cikinsa, ya kai murabba'in kilomita kusan 16,000, kuma gaba ɗayansa a cikin jiha ɗaya yake. Wannan ya sauƙaƙa al'amari ta fuskar doka. Kogin Neja, alal misali, ƙasashe da dama ne ke raba kwarinsa, kuma kowace ƙa'ida sai an zauna an yi yarjejeniya a kanta. A Neuse kuwa majalisar dokoki ɗaya ce ke da iko tun daga mafari har mashiga.

Yanayin mashigar ne ya sa kogin bai jure ƙazanta. Zurfinta bai wuce 'yan mitoci ba, kuma jerin tsibiran rairayi da ake kira Outer Banks sun tare ta daga babban teku, saboda haka igiyar ruwa ba ta samun shigowa ta wanke ta. Ruwan da ya iso nan kan yi makonni, wani lokaci watanni, kafin ya fita. Duk abin da aka zuba a sama yana samun lokacin zama a ƙasa.

Yadda taki ke kashe kifi

Naitirojin da fosforas su ne manyan sinadaran takin zamani, kuma suna nan a cikin fitsari da bayan gidan ɗan Adam da na dabbobi. Abin da suke yi wa masara a gona shi suke yi wa gansakuka a ruwa. Idan suka yi yawa, gansakuka kan yaɗu ta rufe fuskar ruwa, ta tare hasken rana daga ciyayin da ke ƙasa. Idan ta mutu sai ta nutse, ƙwayoyin bakteriya su hau ruɓar da ita, kuma a wannan aiki suna shanye iskar oksijin da ke narke a ruwa.

A lokacin zafi, ruwan daɗi mai sauƙi kan zauna a sama, ruwan gishiri mai nauyi ya kwanta a ƙasa, ba sa gauraya. Ruwan ƙasan sai ya rasa oksijin gaba ɗaya. Kawa da sauran halittun da ba sa iya gudu su ne na farko da ke halaka. Idan iska mai ƙarfi ta kaɗa ta turo wannan mataccen ruwa zuwa gaɓa, kifayen da suka taru a wurin kan mutu cikin sa'o'i kaɗan.

Hukumomin jihar na auna yawan gansakuka ta hanyar koren sinadarin da ke jikinta, kulorofil. Ƙa'idar jihar ita ce kada ya wuce maikirogiram 40 a kowace lita. Ruwan da ya riƙa ƙetare wannan iyaka ana sa shi cikin jerin ruwayen da suka lalace, kuma mashigar Neuse ta daɗe a cikin wannan jeri.

Giɓin da dokar tarayya ta bari

Amurka tarayya ce, kamar Najeriya, kuma ikon kula da ruwa a rabe yake tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohi. Dokar Tsabtar Ruwa ta tarayya ta 1972 ta haramta zuba ƙazanta a kogi ta bututu ko kwata ba tare da lasisi ba. Wannan ya kama masana'antu da matatun birane. Amma dokar ba ta ɗora irin wannan lasisi a kan ruwan saman da ya wanko taki daga gona ba. Ta bar wa jihohi su san yadda za su yi da shi.

Yawancin jihohi sun zaɓi lallashi: a ba manomi shawara da tallafi, idan ya ga dama ya gyara. Karolina ta Arewa ma ta bi wannan hanya tsawon shekaru. Ƙididdigar da jihar ta yi a tsakiyar shekarun 1990 ta nuna cewa bututun da ke da lasisi ba su ne ke kawo mafi yawan naitirojin ba. Kaso mafi tsoka na fitowa ne daga gonaki, sai birane da abin da ke saukowa daga iska. Ko da an rufe kowace matata, kogin ba zai warke ba muddin ba a taɓa sauran ba.

Matakin farko: fosforas

Tun ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 aka riƙa ganin gansakuka mai launin shuɗi da kore tana rufe kogin tsakanin Kinston da New Bern kamar an zuba fenti. A ruwan daɗi fosforas ne ya fi ciyar da irin wannan gansakuka, saboda haka a kansa jihar ta fara. Daga watan Janairun 1988 ta haramta sayar da garin sabulun wanki mai fosforas. A wannan shekarar kuma ta ayyana dukan kwarin Neuse a matsayin ruwan da taki ke yi wa illa, ta kuma iyakance wa manyan matatu fosforas zuwa miligiram 2 a kowace lita.

Matakin ya yi aiki a sashen ruwan daɗi, gansakuka ta ragu sosai. Sai dai ya haifar da abin da ba a zata ba. Binciken Hans Paerl da abokan aikinsa na cibiyar nazarin teku ta Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Morehead City ya nuna cewa gansakukar da ke sama tana shanye wani ɓangare na naitirojin kafin ya sauka. Da ta ragu, sai naitirojin ya riƙa wucewa kai tsaye zuwa mashiga, kuma a ruwan gishiri shi ne abincin da gansakuka ta fi buƙata. Matsalar ta taso daga sama ta koma ƙasa.

Shekarar 1995

Abubuwa uku ne suka haɗu a 1995 suka sa 'yan siyasa motsi. Na farko, a watan Fabrairu jaridar News & Observer ta Raleigh ta buga jerin rahotanni kan yadda kiwon aladu na zamani ya mamaye gabashin jihar ba tare da sa ido ba. Rahotannin sun samu lambar yabo ta Pulitzer a 1996. Yawan aladun jihar ya tashi daga ƙasa da miliyan 3 a 1990 zuwa kusan miliyan 10 a 1997, abin da ya sa ta zama ta biyu a ƙasar bayan jihar Iowa. Ana tara kashinsu da fitsarinsu a manyan kududdufai a fili, sannan a fesa ruwan a gonaki.

Na biyu, a watan Yuni bangon ɗaya daga cikin waɗannan kududdufai ya fashe a gundumar Onslow, lita kusan miliyan 95 na ƙazanta suka kwarara cikin Kogin New, maƙwabcin Neuse ta kudu.

Na uku, daga bazara zuwa kaka miliyoyin kifaye suka mutu a mashigar Neuse, akasarinsu ƙananan kifayen da ake kira menhaden, da yawa da gyambo a jikinsu. Hukumomin lafiya sun gargaɗi jama'a da su guji kamun kifi da shiga ruwa a wani sashe kusa da New Bern. JoAnn Burkholder ta Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa ta danganta mutuwar da wata ƙwayar halitta mai suna Pfiesteria, wadda ta ce tana fitar da guba. Wasu masana sun musanta, suka ce ƙarancin oksijin ne ke kashe kifayen, gyambon kuma wani nau'in fumfunar ruwa ne ke haddasa shi. An yi shekaru ana wannan muhawara, amma ɓangarorin biyu sun yarda cewa yawan taki a ruwa na ƙara dagula lamarin. Rick Dove, tsohon hafsan soja da wata ƙungiyar kare kogin ta ɗauka aikin gadinsa a 1993, ya riƙa ɗaukar hotunan matattun kifaye da na kududdufai ta jirgin sama yana kai wa 'yan jarida.

A 1996 majalisar jihar ta zartar da dokar da ta tsayar da burin rage naitirojin da ke isa mashiga da aƙalla kashi 30 cikin 100, idan an kwatanta da matsakaicin abin da ya shiga tsakanin 1991 da 1995. Gwamna Jim Hunt ya mara wa shirin baya. A watan Disambar 1997 Hukumar Kula da Muhalli ta jihar ta amince da ƙa'idojin aiwatarwa, akasarinsu suka fara aiki a watan Agustan 1998, aka ba kowane ɓangare shekara biyar ya cika alkawari.

Matatun ruwan ƙazanta

Kowace matata da ke da izinin zubar da galan 500,000 ko fiye a rana, wato lita kusan miliyan 1.9, an yanka mata iyakar nauyin naitirojin da za ta iya fitarwa a shekara. Iyakar ta nauyi ce, saboda haka birni ba zai iya ɓoye ƙazanta ta hanyar ƙara mata ruwa ba. Idan jama'arsa suka ƙaru, dole ya ƙara tace ruwan don ya zauna cikin kasonsa.

Ana lissafin ne bisa abin da ke isa mashiga. Matatar da ke New Bern, duk abin da ta zuba ana ƙirga mata shi kashi 100. Waɗanda ke tsakiyar kwari ana ƙirga musu kashi 70 ko 50, waɗanda ke bayan madatsar Falls can sama kuma kashi 10, domin wani ɓangare na naitirojin na ɓacewa a hanya.

Dokar ta kuma ba matatu damar haɗa kasonsu wuri guda. Sun kafa ƙungiya a 2002, ta karɓi lasisi na bai ɗaya da ya fara aiki a Janairun 2003. Muddin jimillar ƙungiyar ba ta wuce iyaka ba, ba a hukunta mamban da ya ɗan zarce nasa kason a ƙarƙashin wannan lasisi. Idan jimillar ta wuce, sai ƙungiyar ta biya kuɗin diyya, a kuma bi waɗanda suka yi laifin. Birni na iya sayen kaso daga wani birnin. Sabuwar masana'antar da ke son zuba ruwa a kogin dole ta sayi kaso daga mai shi ko ta biya kuɗin rage daidai wannan nauyi a wani wuri.

Fasahar da aka yi amfani da ita ta dogara ne da ƙwayoyin bakteriya. A tanki na farko ana hura iska cikin ruwan, wasu ƙwayoyi su mayar da amoniya zuwa naitiret. A tanki na biyu ana hana iska, wasu ƙwayoyin su ci naitiret ɗin su saki naitirojin a matsayin iskar gas, wadda dama ita ce kaso mafi yawa na iskar da ake shaƙa. Wasu garuruwa kuma sun koma amfani da ruwan da aka tace wajen ban ruwan filayen wasa da sanyaya injuna maimakon mayar da shi kogi. Kuɗin duk wannan daga aljihun masu biyan kuɗin ruwa ya fito.

Gonaki

Ba a yanka wa kowane manomi kaso ba. An ɗora wa manoman kwarin baki ɗaya nauyin rage kashi 30, aka kafa kwamiti a kowace gunduma da ya ƙunshi manoma da malaman gona, da babban kwamiti ɗaya mai sa ido. An ba manomi zaɓi biyu: ya shiga shirin gundumarsa, ko ya aiwatar da wasu ayyuka da doka ta lissafa a gonarsa. Ayyukan sun haɗa da rage taki zuwa daidai buƙatar amfanin gona, barin ciyawa ko itatuwa a bakin rafi, shuka abin rufe ƙasa bayan girbi, da sa ƙofofi a magudanan gona don riƙe ruwa ya daɗe a ƙasa.

Ba a auna ruwan da ke fita daga kowace gona. Ana tattara bayanan yawan hekta, irin amfanin da aka shuka, takin da aka zuba da ayyukan da aka yi, a saka su cikin wata manhajar lissafi da masanan jami'a suka tsara, ita ke ƙiyasta abin da ya ragu.

Wata ƙa'idar daban ta shafi duk mai zuba taki a fili mai faɗin eka 50 ko fiye, wato hekta 20, ko gona ce ko filin wasan golf ko lambun kamfani. An wajabta masa ya halarci horo ko ya rubuta tsarin yadda zai yi amfani da takin.

Birane da sababbin gine-gine

An ɗora wa ƙananan hukumomi 15, birane 10 da gundumomi 5, nauyin kula da ruwan saman da ke gudu a kan kwalta da rufin gidaje. Duk sabon rukunin gidaje ko kasuwa dole a tsara shi yadda naitirojin da ruwan sama zai wanko daga gare shi ba zai wuce kimanin kilo 4 a kowace hekta a shekara ba. Mai gini kan haƙa tafkin tara ruwa ko ya yi fadama ta wucin gadi don cimma wannan. Idan ya rage zuwa wani mataki ya kasa ƙarasawa, yana iya biyan kuɗi a wani asusu da ake gyara fadamu da bakin rafuka da shi. An kuma umarci biranen su binciko bututun masai da aka haɗa da kwatar ruwan sama ba bisa ƙa'ida ba. Tsofaffin unguwanni kuwa ƙa'idar ba ta tilasta a gyara su ba.

Shingen bakin ruwa

Ƙa'idar da ta fi jawo gardama ita ce ta kare itatuwan bakin ruwa. An hana share ciyayi da itatuwan da ke cikin mita 15 daga gaɓar kowane rafi, tafki ko mashiga, har da rafukan da ke ƙafewa a wani lokaci na shekara. Mita 9 na farko ba a taɓa su sai da dalili mai ƙarfi, mita 6 na waje ana iya gyara su muddin za a bar ciyawa. Saiwoyin itatuwa da danshin ƙasar wurin na kama naitiret kafin ya shiga ruwa. Gona ko gidan da yake wurin tun kafin dokar an bar shi yadda yake, sai ranar da aka sauya amfanin filin. Masu gine-gine da masu filaye sun ɗauki wannan a matsayin ƙwace musu ƙasa ba diyya, kuma majalisa ta sha sassauta wasu sassan ƙa'idar a shekarun baya.

Kududdufan aladu

An bi da wannan ta wasu dokoki daban da suka shafi jihar baki ɗaya. A watan Agustan 1997 majalisa ta dakatar da gina sababbin manyan gonakin aladu da faɗaɗa tsofaffi. A watan Satumban 1999 mahaukaciyar guguwar Floyd ta haddasa ambaliyar da ta nutsar da gonaki, kududdufai da matatun birane a gabashin jihar. Bayan haka jihar ta sayi lasisin gonaki fiye da 40 da ke cikin hanyar ambaliya ta rufe su.

A shekarar 2000 babban lauyan jihar, Mike Easley, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Smithfield Foods, wanda ya ba da dala miliyan 15 don binciken hanyar da za ta maye gurbin kududdufi. Binciken ya gano hanyoyin da ke aiki, amma rahoton ƙarshe na 2006 ya ce sun fi ƙarfin aljihun gonakin da ake da su. A 2007 majalisa ta haramta haƙa sababbin kududdufai har abada, ta bar tsofaffin suna aiki. Dubbai daga cikinsu na nan har yau.

Abin da aka samu

Matatun birane ne suka fi kowa cika alkawari. Naitirojin da mambobin ƙungiyarsu ke aikawa mashiga ya ragu da fiye da rabi, duk da cewa jama'a sun ninka. Gundumar Wake, inda Raleigh take, tana da mutum kusan 423,000 a ƙidayar 1990, ta haura miliyan 1.1 a ta 2020. Kwamitin manoma shi ma ya riƙa bayar da rahoton cewa an wuce kashi 30, a wasu shekarun ma an haura 40.

Amma awon da ake yi a kogin kansa, kusa da inda yake shiga mashiga, bai nuna raguwar kashi 30 a jimilla ba. Naitiret, wanda shi ne matatu suka fi fitarwa, ya ragu. Wani nau'in naitirojin da ke haɗe da ruɓaɓɓun abubuwa, irin wanda ke fitowa daga ƙasa, fadamu da kashin dabbobi, ya ƙaru har ya cinye mafi yawan ribar. Mashigar ta ci gaba da ƙetare iyakar kulorofil, kuma an sake ganin mutuwar miliyoyin kifaye, kamar a 2009.

Dalilan da masana ke bayarwa

Na farko shi ne jinkirin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Takin da ya nutse a gona na iya ɗaukar shekaru, wani lokaci gommai, kafin ya ɓullo a rafi. Birnin Raleigh kansa ya gamu da wannan: an gano cewa dattin matata da aka yi shekaru ana bazawa a gonakin da ke kewaye da ita ya cika ruwan ƙasa da naitiret, wanda ke tsiyaya cikin kogi.

Na biyu shi ne iska. Amoniya na tashi daga kududdufai da ɗakunan dabbobi, hayaƙin motoci da na tashoshin lantarki ma na ɗauke da naitirojin, kuma duka suna dawowa da ruwan sama. Ƙa'idojin 1997 ba su taɓa wannan hanya ba.

Na uku shi ne kiwon kaji da talotalo, wanda ya bunƙasa bayan an dakatar da na aladu. Yawancin waɗannan gonaki busasshen kashi suke tarawa, kuma dokar jihar ba ta buƙatar su nemi lasisi ɗaya bayan ɗaya, saboda haka hukumar muhalli ba ta da cikakken lissafin inda suke da inda takinsu ke zuwa.

Na huɗu shi ne guguwa. Fran a 1996, Floyd a 1999, Matthew a 2016 da Florence a 2018, kowacce ta wanko ɗimbin ƙasa da ruɓaɓɓun ganyaye daga fadamu zuwa mashiga cikin 'yan kwanaki.

Na biyar shi ne bambancin awo da ƙiyasi. Matata na ɗibar ruwan bututunta a kai a kai ta kai ɗakin gwaji, kuma jami'inta na sa hannu a kan sakamakon da sanin cewa ƙarya na da hukunci. Alƙaluman gonaki kuwa lissafi ne na abin da ke barin gefen gona. Wani ɓangare na raguwar da aka rubuta ma ya samo asali ne daga gonakin da suka koma gidaje ko aka sauya musu amfanin da ba ya cin taki sosai.

Tafkin Falls

A saman kwarin akwai wata matsalar ta daban. Tafkin Falls, wanda injiniyoyin sojan Amurka suka gina madatsarsa a 1981, shi ne babban tushen ruwan shan Raleigh, amma ruwan da ke cika shi daga Durham da gundumomin da ke kewaye yake fitowa. Da gansakuka ta yi yawa a sashensa na sama, jihar ta kafa sababbin ƙa'idoji da suka fara aiki a Janairun 2011. Sun nemi a rage naitirojin da kashi 40 da fosforas da kashi 77 bisa matakin 2006, a zango biyu, kuma a wannan karon har da tsofaffin unguwanni.

Ƙiyasin jihar ya nuna aikin zai ci fiye da dala biliyan 1. Mafi yawan kuɗin a kan garuruwan sama zai faɗa, masu shan ruwan kuma suna ƙasa. Ƙananan hukumomin yankin sun haɗu a wata ƙungiya suka ɗauki nauyin sabon awo da nazari don a sake duba zango na biyu. A 2016 majalisa ta jinkirta wasu sassan ƙa'idojin, ta ba Jami'ar Karolina ta Arewa aikin sake nazarin tafkin. A tafkin Jordan da ke kwarin maƙwabta, majalisar ta taɓa dakatar da irin waɗannan ƙa'idoji ta sa aka jera injunan gauraya ruwa masu aiki da hasken rana a 2014. An kwashe su a 2016 bayan awo ya nuna ba su kawo wani sauyi ba.

Halin da ake ciki

An sake tabbatar da ƙa'idojin Neuse da wasu gyare-gyare a 2020, inda aka ƙara yawan ƙananan hukumomin da dole su kula da ruwan saman sababbin gine-gine. Burin kashi 30 na nan bai sauya ba. Kwarin Tar-Pamlico da ke arewa ya samu irin wannan tsari tun farkon shekarun 2000, kuma shi ma awonsa ya nuna ƙaruwar naitirojin mai haɗe da ruɓaɓɓun abubuwa. Jami'ar Karolina ta Arewa na ci gaba da ɗibar ruwa a tashoshin da ke jere a mashigar tun 1994, kuma an maƙala na'urorin awo a jikin jiragen fiton da ke tsallaka ta kullum. Hanyoyin da ƙa'idojin 1997 suka tsallake sun haɗa da: kashin kaji, amoniya da ke tashi sama, ramukan masai na gidajen karkara da tsofaffin unguwannin birane.